Rembrandt: Mai zanen da ya ɗaukaka fasahar bugu da allon jan ƙarfe

Rembrandt van Rijn, wanda aka haifa a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1606, ya rasu a Amsterdam a 1669, ya yi fice wajen zane da fenti. Sai dai abin da ya fi yaɗa sunansa a Turai tun yana raye shi ne zane-zane kusan 300 da ya yi a kan allunan jan ƙarfe, aka buga su a takarda.

Yadda ake aikin

Ana shafe allon da wani irin kaki, sannan mai zane ya ja layuka da allura har ƙarfen ya bayyana. Daga nan sai a tsoma allon a ruwan asid, wanda ke cin wuraren da allurar ta bi kawai.

Ana cusa tawada a cikin ramukan, a goge saman allon, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji.

Wanda ya san hatimin da ake bugawa a wasiƙun sarakunan daular Sakkwato zai gane hikimar: sassaƙa ɗaya, bugu da yawa. Ta haka zane guda kan shiga gidaje masu yawa, a kan kuɗin da bai kai na zanen fenti ba.

Abin da ya bambanta shi

Ba Rembrandt ne ya ƙirƙiro fasahar ba, amma ya nuna cewa za ta iya ɗaukar haske da duhu kamar fenti. Zanensa na Itatuwa Uku, na 1643, yana nuna hadari na gangamowa a kan fili, rana kuma na ratsa shi.

Yakan koma kan allo ɗaya ya yi ta gyara, har a sami bugu iri-iri na zane guda. Ya kuma yi amfani da takardar Japan, wadda ke karɓar tawada da laushi.

Duk da wannan suna, bashi ya yi masa katutu a 1656, aka yi gwanjon kayansa. An mayar da gidansa na Amsterdam gidan tarihi a 1911.

Waɗanda suka biyo baya

Francisco Goya na Spaniya ya mallaki wasu daga cikin zane-zanensa. A ƙarni na 19, James Whistler da Seymour Haden sun farfaɗo da fasahar a Ingila suna koyi da shi, yayin da Pablo Picasso ya zana fuskarsa a allunan da ya yi a 1934.

A Najeriya, fitaccen mai wannan sana'a shi ne Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932. Ya yi karatu a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yana kuma cikin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, tare da Uche Okeke da Yusuf Grillo.

A farkon shekarun 1960 ya halarci bitar da wani malami ɗan Holan, Ru van Rossem, ya jagoranta a Ibadan da Osogbo. A 1967 asid ya ɓata masa wani allo, kuma wajen gyara shi ne ya gano sabon salon bugu mai tudu da kwari, wanda ya yi amfani da shi wajen zana tatsuniyoyin al'ummarsa ta Urhobo.