Hukuncin wadda ta bai wa maƙwabciyarta ragowar magani, ya cutar da ita

Tambaya:

Maƙwabciyata ce ta kwanta da zazzaɓi da tari, ta aiko ko ina da magani, sai na aika mata da ragowar Septrin ɗin da likita ya taɓa rubuta mini. Bayan kamar mako guda jikinta ya feso da ƙuraje, bakinta ya yi gyambo, idanunta suka yi jawur, har sai da aka kwantar da ita a asibiti. Likita ya ce maganin ne jikinta bai karɓa ba. Malam, ina da zunubi? Kuma wajibi ne in biya kuɗin jinyarta?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba maƙwabciyarki lafiya, ya sa kaffara ne.

'Yar'uwa, niyyarki ta alheri ce, amma kin yi kuskure. Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa duk wanda ya sa kansa yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Sai dai Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya yi bayanin cewa idan marar lafiya ya san mai ba shi maganin ba masani ba ne, kuma ya yarda da kansa, to babu lamuni. Tunda ita baliga ce mai hankali, ta san ke ba likita ba ce, kuma ita ta nema, abin da ya fi bayyana shi ne biyan kuɗin bai wajaba a kanki ba. Ki yi istigfari, ki je ki duba ta, ki taimaka da abin da ya sauwaƙa, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne. Da a ce ƙaramin yaro kika bai wa ba da izinin iyayensa ba, ko kika nuna mata kin san aikin, da hukuncin ya canza. Idan kuma jayayya ta taso, alƙali ne zai raba.

Dalilin hanin a fili yake: maganin da ya warkar da wani yana iya kwantar da wani. Septrin da Fansidar duk suna ɗauke da sinadarin salfa. Mutane da yawa suna sha lafiya lau, amma a jikin wasu ƙalilan yakan jawo irin abin da kika siffanta, har fata ta riƙa saɓulewa kamar ƙuna, kuma yana iya kisa. Haka dangin fenisilin, irin su Ampiclox da amozisilin, suna iya kumbura wa mutum leɓe da maƙogwaro cikin 'yan mintoci har numfashi ya gagara.

Don haka a kiyaye waɗannan:

Na ɗaya, idan aka ga kumburin fuska ko harshe, ko sarƙewar numfashi, ko ƙuraje tare da gyambon baki da jan ido, ko ido ya koma ruwan ɗorawa, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, a dakatar da maganin a garzaya asibiti nan take, a tafi da kwalinsa. A yi addu'a a hanya, kada a zauna jiran gari ya waye.

Na biyu, ba kowane canji ne haɗari ba. Maganin tarin fuka yakan mai da fitsari ja-ja, wannan sananne ne. Mai shan maganin tarin fuka ko hawan jini ko farfaɗiya kada ya yanke shi da kansa saboda ƙaramar damuwa, ya koma wurin likitansa.

Na uku, a tsaya kan ƙa'ida. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai miligiram 500 a cikin awa 24, domin wuce haka yana lalata hanta, kuma da yawa daga magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu. Ibuprofen da diclofenac suna tayar da gyambon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda.

Na huɗu, a gaya wa likita gaskiya: juna biyu, shayarwa, jiƙo ko sassaƙen da ake sha, da maganin da ya taɓa ba mutum matsala. Maƙwabciyarki ta rubuta sunan wannan magani ta ajiye, ta faɗa a duk asibiti ko kemis ɗin da ta je har ƙarshen rayuwarta.

Na biyar, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikin magani, a guji na masu talla da ke yini a rana.

Neman magani ba ya kore tawakkali, amma jiki amana ne, kuma Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Nan gaba in an aiko neman magani, ki taimaka da kuɗin mota zuwa asibiti, ya fi miki lada da aminci.

Wallahu a'alam.