Yadda kwarashi ya kai mu ga tsuntsu

Mu masu saƙar kwarashi ba da tsuntsu muka fara ba. A Turai ta ƙarni na 19, 'yar jakar kuɗi da leshin bakin riga ake saƙawa. Da yunwa ta afka wa Ireland daga 1845, bayan cuta ta cinye dankali, da wannan leshi mata da yawa suka riƙe gidajensu. Sana'ar neman abinci ce, kuma kusan duk abin da ya fito daga hannu shimfiɗaɗɗe ne.

Abu biyu suka tayar da zare tsaye. Na farko, baje kolin saƙa da aka fara a Lausanne ta Suwizalan a 1962. Daga wannan zamani Magdalena Abakanowicz 'yar Poland ta raba saƙa da bango, ta rataye manyan ayyukanta a tsakiyar ɗaki, mutum ya zagaya su. Na biyu, salon amigurumi na Japan, inda ake saƙa a zagaye a cusa auduga. Da shafin intanet na Etsy ya zo a 2005, na Ravelry a 2007, sai salon ya shiga ko'ina.

To amma tsuntsu ba 'yartsana ba ne. Za ki fara da ɗauri shida a zobe, ki ƙara a ƙirji, ki rage a wuya, da ƙaramin kwarashi don kada auduga ta leƙo. Ki gama, ki ajiye, ya kifa da baki. Nan kowa ta gane zare kaɗai ba zai yi ba. Sai waya ta shigo: a lanƙwasa yatsu uku gaba, ɗaya baya, a naɗe su da zare, a kai ƙarshenta har cikin ciki, a sa ɗan nauyi wajen wutsiya. Ido na gilashi, baki na katako ko yumɓu. Ulun ƙirji kuwa a taje shi da burushin waya har ya tashi ya ɓoye ɗaurin.

Baƙo yakan tambaya me ya hana mu liƙa gashin tsuntsu na gaske mu huta. Amsar tana cikin tarihi. Cinikin gashi don ƙawata hulunan mata ya hallaka tsuntsaye ba adadi, shi ya sa Emily Williamson ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye da ta zama RSPB a Manchester a 1889. A Amurka, wata doka ta 1918 ta hana mallakar gashin yawancin tsuntsayen ƙasar, ko tsinta aka yi. Dole zare ya koyi aikin fiffike, gashi ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fi nuna nisan da aka yi ita ce Laurel Roth Hope. Tana sassaƙa tattabarar birni, ta saƙa mata rigar tsuntsun da ya ƙare a duniya, irin su tsuntsun dodo da akun Carolina, wanda na ƙarshensa a hannun mutane ya mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1918. An nuna aikinta a gidan baje koli na Renwick da ke Washington a 2012.

Yau gardamarmu ta cikin gida ce. Wasu na rubuta ƙidayar ɗauri su sayar, kowa ta saƙa irin tsuntsu ɗaya. Wasu sun bar ƙidaya, hoton tsuntsun kawai suke kallo suna bin ƙirarsa. Na farko su ke kawo sabbin hannu cikin sana'ar, na biyu su ake kira zuwa baje koli, kuma yawancin na biyun ma da ƙidayar suka koya.