Kwana Bakwai a Situdiyo, Shekara 38 a Kasuwa: Faifan Farko na Ramones

A watan Afrilun 2014 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ba wani tsohon faifai shaidar zinare, wadda ake bayarwa idan an sayar da kwafi 500,000 a cikin ƙasar. Manyan mawaƙa kan kai wannan adadi cikin 'yan makonni. Shi kuwa wannan faifai tun ranar 23 ga Afrilun 1976 ya shiga kasuwa, sai da ya shekara 38 yana jan ƙafa kafin ya iso. Lokacin da shaidar ta zo, uku daga cikin mutum huɗun da hotonsu ke bangonsa sun riga sun mutu. Sunan faifan Ramones, sunan ƙungiyar da ta yi shi ke nan, kuma daga jikinsa aka yanko yawancin abin da daga baya aka kira pop punk, wato kiɗa mai gudu da amo irin na punk wanda aka ɗora wa karin waƙa mai daɗin bi irin na pop.

A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rock ya zama sana'ar ƙwararru masu jari. Waƙa guda kan kai minti goma ko fiye, mai jita ya yi ta gwaninta shi kaɗai sauran suna jiransa, faifai ɗaya kuma ya ci watanni a situdiyo. Yaron da ya sayi irin wannan faifai zai ji daɗi, amma ba zai taɓa kawo wa ransa cewa shi ma zai iya ba. Birnin New York kansa a lokacin yana cikin talauci, har a 1975 ya kusa kasa biyan basussukansa, unguwanni da dama sun lalace, haya ta yi arha. A ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni, Bowery, akwai wata ƙaramar mashaya mai suna CBGB da ke ba sababbin makaɗa dama su hau dandamali muddin waƙoƙinsu na kansu ne.

Samarin huɗu 'yan unguwar Forest Hills ne a yankin Queens: Jeffrey Hyman, John Cummings, Douglas Colvin da Thomas Erdelyi, wanda aka haifa a Budapest ta ƙasar Hungary. Babu dangantakar jini a tsakaninsu, amma a 1974 suka ɗauki sunan gida ɗaya, suka zama Joey, Johnny, Dee Dee da Tommy Ramone. Dee Dee ne ya samo sunan daga "Paul Ramon", laƙabin da Paul McCartney ya taɓa amfani da shi a farkon zamanin Beatles. Rabon aikinsu ma gazawa ce ta yi shi. Da farko Dee Dee ne mai rera waƙa, sai ya ga ba zai iya haɗa rerawa da kaɗa jitar bas ba. Joey ya karɓi rerawa, shi ma ya kasa haɗa ta da ganguna. Tommy, wanda ya zo da niyyar zama manaja, ya yi ta nuna wa masu neman aikin ganga yadda yake so a buga, har aka gane shi ya fi kowa iya abin, ya zauna a kujerar. A watan Agustan 1974 suka fara wasa a CBGB. Dee Dee ya ƙirga ɗaya zuwa huɗu da ihu, a afka wa waƙa, kafin mai kallo ya gyara tsayuwa an gama an shiga ta gaba.

Sauƙin kiɗan nasu yakan ruɗi mai sauraro ya ɗauka sakaci ne. Akwai tsari a cikinsa, tsari ma mai tsauri. Johnny ba ya kaɗa jita sai ta saukar da hannu ƙasa kawai, da gudun da ke gajiyar da wuyan hannu, kuma kusan ba ya ware kansa ya yi gwaninta. Tommy ya san aikin situdiyo, don ya taɓa zama mataimakin injiniyan sauti a Record Plant har ya yi aiki a kan faifan Jimi Hendrix mai suna Band of Gypsys, kuma shi ne ya fi sauran fahimtar cewa ragewar ita ce hajar da suka kawo kasuwa. Hatta tufafi an tsara su: jaket ɗin fata baƙi, yagaggen wandon jins, takalmin kambas, gashi ya rufe goshi.

A ƙarshen 1975 suka sami manaja, Danny Fields, kuma Seymour Stein mai kamfanin Sire Records ya ɗauke su. A farkon 1976 suka shiga situdiyon Plaza Sound da ke cikin ginin Radio City Music Hall tare da furodusa Craig Leon. Kwana bakwai aikin ya ci, kuɗinsa dala 6,400. Waƙoƙi 14 ne a cikin minti 29, mafi tsawonsu ba ta kai minti uku ba. Wajen haɗa sauti suka bi wata tsohuwar dabara ta faya-fayan Beatles na farko, aka tura jita zuwa lasifika ɗaya, bas zuwa ɗayar, ganguna da murya a tsakiya. Hoton bango ma na aro ne: Roberta Bayley ta ɗauke shi ne don mujallar Punk, su huɗu jingine da bangon bulo, kamfanin ya saye shi dala 125.

Abin da masu ba da tarihin punk kan tsallake shi ne burin samarin. Labarin da ya yaɗu yana nuna su a matsayin 'yan tawaye da suka juya wa kasuwa baya, alhali kasuwar suke nema ido rufe. Sun taso da waƙoƙin rediyo na shekarun 1960, na Beach Boys da Beatles da ƙungiyoyin 'yan mata irin su Ronettes, kuma sun yi imani cewa gajeriyar waƙa mai amshi ita ce asalin rock da aka bari ya ɓace. Amshin da ya buɗe "Blitzkrieg Bop", waƙar farko a faifan, an gina shi ne don ya yi gogayya da na "Saturday Night" ta Bay City Rollers, ƙungiyar 'yan Scotland da 'yan mata matasa ke haukacewa a kanta a lokacin. "I Wanna Be Your Boyfriend" waƙar soyayya ce tsantsa wadda Tommy ya rubuta. Sun kuma sake rera "Let's Dance" ta Chris Montez, waƙar rawa ta 1962. A ransu faifan pop suka yi, suna jiran gidajen rediyo su karɓe shi hannu bibbiyu.

Gidajen rediyo ba su karɓa ba. Amon jitar ya yi wa masu tsara shirye-shirye kaushi, kalmomin kuma sun fi amon tayar da hankali. Akwai waƙa a kan shaƙar sholisho, akwai wata a kan rayuwar kwararo da Dee Dee ya sani a Manhattan, akwai kuma ta ƙarshe mai wasa da alamomin 'yan Nazi, wadda Stein ya ƙi amincewa da ita sai da aka sauya wasu kalmomi. Baƙar raha ce irin ta littattafan zane da finafinan ban tsoro masu arha, kuma Joey da Tommy Yahudawa ne, iyayen Tommy ma sun tsira ne daga kisan kiyashin Turai, amma mai sauraron rediyo a mota ba shi da wannan bayani. Waƙoƙi biyun da aka fitar daban ba wadda ta shiga jadawalin Billboard, faifan kuma ya tsaya a mataki na 111. Masu sharhi a jaridu sun yaba ƙwarai, sai dai yabon bai zama ciniki ba.

A Ingila ne aka fara ganin inda amfanin faifan yake. Ranar 4 ga Yulin 1976, ranar da Amurka ke bikin cika shekara 200 da 'yanci, Ramones suka yi wasa a zauren Roundhouse na Landan, washegari kuma a Dingwalls, inda 'yan Clash da Sex Pistols suka zo suka same su. An sha cewa wannan ziyara ce ta haifi punk a Ingila, kuma akwai zuzutawa a maganar, domin Sex Pistols suna wasa tun Nuwamban 1975, Clash kuma a daren 4 ga Yulin suna Sheffield suna wasansu na farko. Abin da faifan ya ba matasan Ingila shi ne gudu, da hujjar cewa wanda ya kama jita wata uku da suka wuce yana iya bin waƙa daga farko har ƙarshe a ɗakinsa, sannan ya rubuta tasa. Ga faifan ya zama kamar allon koyo, kowa ya wanke ya rubuta nasa darasi.

Wannan alheri ya dawo musu da sharri. A Disambar 1976 Sex Pistols suka yi ashar kai tsaye a talabijin ɗin Landan, kalmar punk ta zama abin ƙyama, gidajen rediyon Amurka suka ƙara nesanta kansu da duk mai ɗauke da ita. Stein ya koma tallata mawaƙansa da sunan new wave. Ramones suka ci gaba da farautar waƙar da za ta buɗe musu ƙofa, har suka kai kansu wurin Phil Spector, furodusan Ronettes ɗin nan da suke ƙauna. Faifan da ya yi musu a 1980, End of the Century, ya kai mataki na 44, kuma ba su taɓa wuce nan ba. Abincinsu ya koma kan hanya: wasa 2,263 cikin shekara 22, da sayar da riguna masu tambarin gaggafa da abokinsu Arturo Vega ya zana, waɗanda a yau ake gani a jikin mutanen da ba su taɓa jin waƙarsu ko ɗaya ba.

Iri dai ya riga ya faɗi a ƙasa. Buzzcocks a Manchester da Undertones a Derry suka ɗauki gudun suka ƙara masa waƙoƙin soyayyar ƙuruciya. Descendents suka yi haka a California da faifansu na 1982. A 1992 Screeching Weasel ta yankin Chicago ta sake rera faifan Ramones na farko sukutum, waƙa bayan waƙa. Sai a Fabrairun 1994 Green Day suka fitar da Dookie, mai gajerun waƙoƙi da jita mai gudu da amshi mai kama kunne da raha a kan zaman banza na matasa, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. Blink-182 suka biyo baya a 1999 da nasu miliyoyin. Lissafin da samarin Queens suka yi a 1976, cewa wannan kiɗa na rediyo ne, ya tabbata, illa dai ya makara da shekara 18 kuma ya faɗa aljihun wasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Magadan ba su ɓoye bashin da ke kansu ba: a bikin 2002 da aka shigar da Ramones zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, Green Day ne suka hau dandamali suka rera waƙoƙinsu.

Ƙungiyar ta watse a 1996, Joey da Johnny sun shafe shekaru da yawa ba sa ga maciji da juna ko da yake mota ɗaya suke shiga. Joey ya mutu a 2001, kafin bikin girmamawar. Dee Dee ya bi shi a 2002, watanni kaɗan bayan bikin, Johnny kuma a 2004. A 2013 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da sanya faifan cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi. Tommy, wanda ya ajiye sandunan ganga tun 1978 ya koma aikin furodusa, shi kaɗai ya rage lokacin da shaidar zinare ta zo a Afrilun 2014. Ya mutu a gidansa da ke Queens ranar 11 ga Yulin wannan shekarar.