Tafashiya: Itaciyar Da Aka Ɗora Wa Laifin Tramol

Mai karatu, a wannan watan na ɗan ajiye sharhin finafinai, domin na ci karo da wani labari da ko marubutan fim ɗinmu ba su taɓa kitsa irinsa ba. Jarumar labarin kuwa itaciya ce: tafashiya.

In ka taso a ƙauye ka san ta. A bakin rafi da fadama ta fi yawa, ba ta cika tsawo ba, furenta fari ne a dunƙule kamar ƙwallo, 'ya'yanta jajaye birai na son su. Saiwarta ruwan ɗorawa ce, ga ɗaci. Tun kaka da kakanni ake jiƙa ta ko a dafa don zazzaɓi, ciwon ciki da shawara. Wani likita Bature, J.M. Dalziel, ya sa ta a littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa a 1916. Danginta ɗaya da itacen da ake samun kwinin.

Shi kuwa tramadol, wanda samari ke kira tramol, a Jamus aka haife shi. Kamfanin Grünenthal ne ya harhaɗa shi a 1962, ya fito kasuwa a 1977 a matsayin maganin ciwo. To me ya haɗa kifi da kaska?

A 2013 wasu masana na Faransa da Kamaru, ƙarƙashin Michel De Waard, suka ba da sanarwar da ta girgiza duniyar magunguna. Wai sun binciki ɓawon saiwar tafashiya daga arewacin Kamaru, sun samu tramol a ciki, har kashi 0.4 cikin 100. Ma'ana, abin da Bature ya sha wuya ya ƙera, ashe Allah Ya riga Ya ajiye mana shi a bakin rafi! Jaridu suka ɗauka, aka yi ta jinjina wa masu maganin gargajiya.

Kash! Murna ta koma ciki. A 2014 wata tawaga daga Dortmund ta Jamus, ƙarƙashin Michael Spiteller, ta bi sawu. A yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru sun samu tramol a saiwar tafashiya, amma sun same shi kuma a saiwar wasu itatuwan daban, da cikin ƙasa, da cikin ruwa. Tafashiyar kudancin ƙasar kuwa ko ɗigo babu. Da suka tambayi manoma sai asiri ya tonu: mutane na shan ƙwayar don su jure aikin gona, kuma suna ɗura wa shanun huɗa don kada su gaji. Fitsari da kashin dabba su shiga ƙasa, saiwa ta tsotse.

Masanan farko ba su saduda ba. A 2015 suka fito da hujjar cewa itaciyar za ta iya ƙera sinadarin da kanta. Sai a 2016 Jamusawan suka kawo gwajin kabon-14. Duk abin da tsiro mai rai ya ƙera yana ɗauke da wannan kabon, wanda aka yi daga man fetur kuwa ba shi da shi. Tramol ɗin da suka tsamo daga ƙasar yankin ya nuna na masana'anta ne.

Ka ga inda gizo ke saƙa, mai karatu. Tafashiya ba ta yi laifin komai ba, abin da muka zubar ta sha. Kuma shan tramol ba matsalar Kamaru ba ce kaɗai, kai ma ka san yadda ya yi wa samarinmu a Kano, Maiduguri da Maraɗi. In har ƙwaya za ta bi fitsarin sa ta isa saiwar itace, me zai hana ta isa rafin da ake ɗiba a sha? Tsohuwar da ta jiƙa wa jikanta saiwa da kyakkyawar niyya, me ta ba shi?

Don haka in ka tsaya gaban mai magani a kasuwa, bayan ka tambayi sunan saiwar, ka tambaye shi inda ya haƙo ta. Ku kuma furodusoshinmu, ga labari nan a ƙasa, ba sai kun leƙa Indiya ba. Allah Ya kyauta.