Faifai Biyu, Fim Ɗaya: Abin da Kunnen Kawu Ya Kama

A shagon kawuna da ke Ƙofar Wambai na koyi sauraron fim. Kallo kam kowane yaron Kano ya iya, tunda tun 1937 aka buɗe silimar Rex, daga baya kuma Kwarori 'yan Labanan suka riƙa kawo finafinan Indiya har suka zama namu. Amma Kawu, idan aka kawo masa sabon kaset, sai ya juya wa talabijin baya, ya ƙure murya, ya yi shiru. Hoto, in ji shi, ido yana yafe masa. Sauti idan ya lalace, fim ya mutu.

A zamanin kaset ɗin bidiyo sautin da muka sani gajiyayye ne. Uwar kaset takan zo ta Dubai ko Legas, a jera dik-dik a ɗaki a yi ta kwafa, daga kwafi kuma a sake kwafa. Kafin waƙar Lata Mangeshkar ta isa gidan kallo a ƙauye, wani shuuu ya rufe rabin kiɗan. Haka muka tashi, har muka ɗauka haka ake yin waƙar Indiya. Sholay, wanda ya fito a 1975 da sauti mai raba kiɗa hagu da dama, mu ta 'yar lasifika ɗaya muka san shi.

Faifan VCD, wanda aka ƙirƙiro a 1993, ya kashe shuuu ɗin, sai dai ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 74 zuwa 80, don haka fim ɗin Indiya sai faifai biyu ko uku. DVD ne ya zo da sabon lissafi. Ya fara fita a Japan a 1996, Amurka a 1997, kuma kamfanonin fim suka yanka duniya shiyya shida don kada faifan wata ƙasa ya yi aiki a wata: Amurka da Kanada ta 1, Turai da Japan da ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya ta 2, mu da Indiya da Rasha ta 5, Sin ta 6. Wannan katangar ba ta tare mu ba, domin yawancin injinan da suka shigo kasuwarmu daga Sin kowane faifai ci suke yi. Shi ya sa a teburi ɗaya za ka ga na Landan da na Amurka da na Dubai.

Wata rana wani alhaji da ya dawo daga Ingila ya kawo wa Kawu Titanic na asali, a kwalinsa. Da ma akwai na Amurka a shagon. Kawu ya sa ɗaya, ya tsallaka zuwa waƙar ƙarshe ta Celine Dion, ya cire, ya sa ɗayan.

"Kai, zo nan. Rufe idonka. Wacce ce ta fi siririyar murya?"

"Kawu, ai mace ɗaya ce."

"Na sani. Sake ji."

A karo na uku na ji. A faifan Ingila muryar ta ɗan yi sama, kiɗan kuma kamar ana kora shi. Kawu ya juya bayan kwalayen biyu ya nuna min da farce: na Amurka minti 194, na Ingila ya gaza da kusan minti takwas, alhali ba a yanke ko da fitowa ɗaya ba.

Sai da na girma na gane dalilin. Ana ɗaukar fim ɗin silima hoto 24 a daƙiƙa. Tsarin talabijin na Turai, PAL, wanda Najeriya ma ta bi, hoto 25 yake so. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara wa fim gudu da kashi 4 cikin ɗari, sai murya da kiɗa su tashi tare da shi. Tsarin Amurka, NTSC, maimaita wasu hotuna yake yi, ya bar sautin kusan yadda yake. Ke nan duk wanda ya kalli fim ɗin Amurka a kaset ko faifan PAL, jarumin da ya sani muryarsa ta ɗan fi ta gaskiya kaifi, in ba a gyara ta ba. PAL ya fi layukan hoto, 576 a kan 480, kuma masu saye da yawa wannan suke bi. Kawu bai taɓa bin su ba.

Akwai kuma maganar tsarin sauti na DTS, wanda aka fara ji a silima da Jurassic Park a 1993. Wani lokaci bugun wata shiyya yana da shi, na wata babu. Amma ba wannan ne ya yi mana illa ba. Faifan nan mai fim goma a ciki, shi ne ya mayar da mu baya, don matse sauti ake yi har sai ya koma kamar ana magana cikin gwangwani. Arha ta sa ya kori na asali daga kasuwa, yara kuma suka tashi da shi kamar yadda muka tashi da shuuu.

Blu-ray ya zo a 2006 da hoto 24 ɗinsa, matsalar gudu ta kau, sai dai bai zauna a kasuwarmu ba kafin waya da memori su share faifai gaba ɗaya. Shagon Kawu yanzu caja da murfin waya ake sayarwa. Faifan Titanic ɗin nan biyu suna wurina. Idan kana da tsofaffin DVD a kwaba, kafin ka zubar, duba bayan kwalin ka ga minti nawa aka rubuta. In biyu ne na fim ɗaya kuma kunne kake bi, ka riƙe na Amurka.