Kwakwar Ado a Kaladan

Sa'ad da yaƙin basasar Salaga na shekarar 1892 ya warwatsa fataken goro, har zuriyar wasunsu ta kafa zango a Tamale, Hausawa sun zo da sanin giginya da goruba da dabino, amma sun san su ne ta fuskar amfani: wannan ta ba da azara, waccan kaba, wancan abin buɗa-baki. Shuka itace domin ƙawa zalla, kamar kwakwar ado, kuwa al'ada ce da ta yaɗu bayan 1907, lokacin da Turawa suka ƙaurar da hedkwatarsu daga Gambaga zuwa Tamale, suka ɗebi leburori su yi musu lambu.

Tun da yake damina ɗaya ce tak a ƙasar Dagomba, inda Tamale take, hunturu kuma mai tsanani, wajibi ne mai renon kwakwar ado a unguwanni irin su Kaladan ya lizimci ban-ruwa da rani, ya zuba taki, ya datse busassun ganye, ya tsare ta daga gara da awaki. Malamai sun hukunta cewa dashen itace sadaka ce mai gudana, saboda haka ya kamata mu riƙi wannan hidima da himma.