Langar Abinci a Ƙofar Kaso: Tarihin Ziyarar Ɗaurarru a Njamena

Kalmomin da muke kiran kurkuku da su suna ɗauke da tarihi. "Gidan yari" ya samo asali ne daga Yari, mai riƙe da ɗaurarru a masarautun ƙasar Hausa. "Kaso" kuwa, wadda ta fi zama a bakinmu a nan Chadi da Nijar, daga Faransanci muka aro ta. Suna ya canza, masu mulki sun canza, amma a kowane zamani ɗaurarre yana rayuwa ne da abin da 'yan uwansa suka kai masa.

Mu mazauna Amriguébé da sauran unguwannin Njamena mun san yadda gida ke tashi tun asuba ranar ziyara. A tuƙa tuwo, a kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, a rufe langa a ɗaure da ƙyalle. A haɗa da abin da ba ya saurin lalacewa: kilishi, dabino, sukari da ganyen shayi, sai sabulu da wankakkun tufafi. A ɗauki katin shaida, a tanadi kuɗin mota, a kuma shirya zuciya, don kada a kai wa wanda ke ciki hawaye a maimakon labarin gida. Wannan wahalar ma akwai lokacin da aka hana iyayenmu yin ta.

Hissène Habré ya karɓi mulki ranar 7 ga Yuni, 1982. A 1983 ya kafa hukumar 'yan sandan ciki da aka sani da DDS, mai gidajen tsare mutane a cikin birnin nan. Akwai wanda ake kira Les Locaux, akwai na barikin Camp des Martyrs, akwai kuma La Piscine, wani tafkin wanka na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka mai da shi kurkuku a ƙarƙashin ƙasa. Wanda aka kai waɗannan wurare ba shi da ranar ziyara, ba a gurfanar da shi gaban alƙali, ba a kuma gaya wa iyalinsa inda yake. Mace takan shafe shekaru ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Tambaya kanta laifi ce da kan iya jawo wa mai yin ta kamu.

Da aka toshe hanyar shiga, sai ɗaurarru suka nemi hanyar da labari zai fita. Rose Lokissim, wata sojan mace da aka kama a 1984, ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu a kan guntayen kwalin sabulu tana fitar da su a ɓoye domin dangi su sani. Da asirin ya tonu, aka kashe ta ranar 15 ga Mayu, 1986. Clément Abaifouta, ɗalibin da aka kama a 1985, shekara huɗu ya yi ana tilasta masa binne 'yan uwansa ɗaurarru a Hamral-Goz, bayan gari, ba likkafani, ba dangi a bakin kabari.

Ranar 1 ga Disamba, 1990 Habré ya tsere, ƙofofi suka buɗe. Waɗanda suka rage suka fito kamar ƙwarangwal, iyalai suna bin su da tambayar nasu. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 1992 ya ƙiyasta mamatan zamanin da 40,000. A 2001 aka gano takardun DDS zube a tsohuwar hedikwatarta, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe, da 12,321 da aka zalunta. Souleymane Guengueng, wanda ya yi alkawari tun yana ciki cewa idan ya fita da rai zai nemi hakki, ya tattara shaidun ɗaruruwan mutane. A Maris 2015 kotu a Njamena ta ɗaure jami'an DDS 20, sannan ranar 30 ga Mayu, 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. A can ya mutu a Agusta 2021.

Bayan wancan zamani ziyara ta dawo, sai dai nisa ya zama sabon shinge. A ƙarshen 2011 aka rushe tsohon gidan kason tsakiyar birni, aka koma Amsinéné, daga baya kuma Klessoum, inda kuɗin zuwa da dawowa kan cinye rabin abin da za a kai. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoba, 2022 aka kwashi ɗaruruwan matasa zuwa Koro Toro, cikin hamada, kimanin kilomita 600 arewa da Njamena. A can aka yi wa mutum 401 shari'a, lauyoyi sun ƙaurace, aka ɗaure 262. Wace uwa ce za ta kai tuwo Koro Toro da ɗuminsa? Alhali ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, masu ɗauke da sunan Mandela, sun tanadi cewa a bar ɗaurarre ya riƙa ganawa da iyalinsa a kai a kai.

Darasin a gare mu, da muke 'yan tsiraru a wannan birni, a fili yake. Ɗaurarren da ake zuwa gani, masu tsaronsa sun san akwai idon da ke ƙirga kwanakinsa, wanda aka manta da shi kuwa ya fi saurin ɓacewa. Da yawa cikin namu fatake ne da almajirai da 'yan ci-rani waɗanda danginsu ke Kano ko Damagaram, ba su da mai kai musu ko ruwa. Kunya kan sa wasu gidaje su ɓoye cewa nasu yana ciki, har su yanke ƙafa. Hukunci na alƙali ne, amma zumunci a ƙafa yake. Idan maƙwabciya tana haɗa langa, mu ƙara mata sabulu ko kuɗin mota, mu kuma tambayi sunan baƙon da ba wanda ya zo dominsa.

Allah Ya kuɓutar da wanda aka zalunta, Ya shiryi mai laifi, Ya jiƙan waɗanda ke kwance a Hamral-Goz.